Bayan An Jingine Keke: Yadda Ake Gode Wa Waɗanda Suka Ba Da Taimako

A shekarun da na yi zaune a wani gari na arewacin Ingila ina da wata maƙwabciya, dattijuwa, malamar makaranta da ta ajiye aiki, Kirista mai riƙo da addininta ƙwarai, wadda ran nan da la'asar ta ƙwanƙwasa mini ƙofa riƙe da alƙalami da wata takarda mai layi-layi, ta shaida mini cewa ita da waɗansu 'yan majami'arsu sun ƙulla niyyar ratsa arewacin ƙasar Sifen a kan keke, domin su tara abin da za a ciyar da yara 'yan makaranta da shi a ƙasar Malawi. Na dube ta, na dubi furfurarta, na ce, “Mama, da waɗannan shekarun?” Ta yi dariya, ta ce gwiwa dai tana ƙara, amma har yanzu tana juya feda. Na rubuta sunana da fam 10, na mance da zancen. Bayan kamar wata uku sai ga ambulan ta faɗo ta kafar wasiƙu ta jikin ƙofa, a cikinta akwai layi huɗu da ta rubuta da hannunta, da takarda guda ta lissafin abin da aka tara da inda ya tafi, da kwafin rasiɗin ƙungiyar da ta karɓi kuɗin. A wannan shekarar kuma wani saurayi da muke aiki tare ya karɓi fam 20 a hannuna saboda irin wannan tafiya zuwa Faris, ya komo ya cika mana ido da hotonsa yana ɗaga keke sama a gindin hasumiyar birnin, amma inda kuɗin suka sauka, har na bar garin ban ji ba. Ban taɓa zarginsa da cin ko kwabo ba, sai dai da ya sake zagayowa da takardarsa a shekarar da ta biyo, hannuna ya yi nauyin shiga aljihu.

Bambancin waɗannan mutane biyu shi ya sa na ga ya kamata a rubuta yadda ake wannan godiya, domin sana'a ce mai ƙa'idodi, kuma 'yan'uwanmu da ke zaune a ƙasashen Turai, Musulmi da Kirista, sun fara shiga irin wannan aiki. Al'adar dai ita ce mutum ya ɗora wa kansa wata wahala, ko gudu ko hawan dutse ko tuƙa keke na kwanaki, sa'an nan ya roƙi dangi da abokai su yi alkawarin sadaka saboda wahalar, kuɗin kuwa su tafi ga wata ƙungiyar agaji. Mai hankali zai iya tambaya, me ya hana a ba da sadakar kawai a bar keken a zaure? Gaskiyar maganar ita ce roƙo yana da nauyi a baki, wahalar ce ke sauƙaƙa wa mai roƙo ya buɗe baki, ta kuma sauƙaƙa wa wanda aka roƙa ya buɗe jaka. To, amma tun da mutane sun ba ka dukiyarsu saboda sun san ka, ba don sun san ƙungiyar ba, abin da ke hannunka ya zama amana, godiyar mai riƙon amana kuwa ba ta cika sai da hisabi.

Godiya tana farawa tun kafin a hura wa taya iska. Ka nemi littafi guda, ko shafi a kwamfuta in shi ka fi sabawa da shi, ka rubuta duk wanda ya ba ka wani abu a ranar da ya ba ka: sunansa, da abin da ya bayar, da ko ya biya ko alkawari ne, da hanyar da za ka same shi, sa'an nan ka bar fili a gefe don abin da ya faɗa maka lokacin da yake miƙo maka, domin wannan 'yar kalmar ita ce za ta raya wasiƙarka daga baya. Wanda ya san cewa aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take magana, ba zai raina wannan aiki ba. Shafukan tara kuɗi na intanet irin su JustGiving suna ajiye sunayen waɗanda suka biya ta nan, har su aika musu da saƙon godiya na bai-ɗaya nan take, amma kada ka ɗauka wannan ya sauke maka nauyi, domin kowa ya san na'ura ce ta rubuta shi, kuma tsohuwar da ta cusa maka fam 5 a hannu a bakin majami'a bayan sujada ba ta cikin lissafin na'ura. A cikin littafin nan kuma za ka sa waɗanda ba kuɗi suka ba ka ba: mai gyaran keken da ya ɗaure maka birki ya ƙi karɓar lada, da wanda ya ara maka jakunkunan rataye, da abokin aikin da ya riƙe maka aiki mako biyu, da matan zumunta da suka toya abin sayarwa, da iyalinka da suka jure rashinka duk Asabar ta watannin gwaji.

Hanyar da maƙwabciyata ta bi sananniya ce, kuma zan yi misali da ita saboda Kiristocin Turai sun fi shekara dubu suna binta da niyyar ziyara. Takan tashi daga garin Sen Jan da ke gindin duwatsun Firenis a ɓangaren Faransa, ta ƙetara zuwa Sifen, ta bi ta Famfalona da Burgos da Leyon, ta ƙare a birnin Santiyago, inda suka yi imani an binne Yakubu ɗan Zabadi, ɗaya daga cikin almajiran Yesu goma sha biyu. Tsawonta ya kusa kilomita 800, mai keke yakan cinye ta cikin kamar mako biyu. Kowane matafiyi yana ɗauke da wani ɗan littafin shaida wanda ake buga masa hatimi a masaukai da majami'u da shagunan hanya, in ya isa Santiyago ya nuna shi, sai a ba shi takardar kammalawa rubutacciya da Latinanci, bisa sharaɗin mai ƙafa ya taka aƙalla kilomita 100, mai keke kuwa 200. Wannan ɗan littafi ka kiyaye shi daga ruwa da gumi kamar yadda kake kiyaye fasfo, domin shi ne hujjarka cewa wahalar da aka biya ka ka sha, ka sha ta. In kuwa akwai ranar da sarƙa ta tsinke ko ƙafa ta kumbura har ka hau mota, ka rubuta wannan ma a ranar, tun shaiɗan bai ƙawata maka mantuwa ba.

Kowace maraice, kafin barci ya sace ka, ka rubuta layi uku ko huɗu: inda aka kwana, da nisan da aka yi, da abu guda da ya faru wanda idonka ya gani. Bayan wata guda duk kwanakin za su narke su zama abu ɗaya a zuciyarka, tudu da rana da ciwon mazaunai, ba abin da za ka iya ba wani labari. Akwai kuma godiyar da ba ta jira a komo gida, ita ce ta masu masauki. Da yawa daga cikin masaukan wannan hanya 'yan sa-kai ne ke kula da su, mutanen da suka taɓa yin ziyarar suka komo don su yi wa na bayansu hidima, yawanci na mako biyu-biyu, suna shara da wanke makewayi ba da albashi ba. A ƙauyen Rabanal ma akwai wani da wata ƙungiyar Ingila ke riƙe da shi tun 1991. Waɗansu masaukan ba su da farashi, akwati ne a ajiye kowa ya sa abin da ya sawwaƙa, kuma abin kunya ne ga ayarin da ke tara dubban fam don sadaka ya kwana ya ci ya sha ya bar akwatin fayau. Abin da za ka sa daga guzurinka zai fito, haram ne ya fito daga na yara. Ka kuma sani a masaukai da dama masu ƙafa ake fara ba gado, mai keke sai ya jira yamma, saboda shi yana iya ƙara gaba; in aka ce ka jira, ka jira da sakin fuska.

To, an komo, an jingine keke. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a yi hanzarin rubuta wasiƙa tun ba a rufe lissafi ba, ko kuma a yi ta jiran rufe lissafi har zancen ya yi sanyi. Mafita ita ce a raba abin biyu. A cikin mako na farko ka aika wa kowa da gajeren saƙo cewa an sauka lafiya, an kammala, lissafi na tafe a rana kaza. Wannan shi ne daidai da ban-gajiyar da muke zagayawa yi washegarin biki, ba ya son jinkiri ba ya kuma son tsawo. Daga nan ka bi masu alkawari da lallami, sau ɗaya ko sau biyu, wanda ya kasa ka yafe masa a ranka kada ka sake tayar masa da zancen, mai yiwuwa hali ne ya sauya. Ka sa wa kanka wa'adi, kada ya wuce mako shida, ka haɗa kuɗin ka miƙa wa ƙungiyar, ka karɓi rasiɗi. Tsabar kuɗi kuwa kada ka ƙirga su kai kaɗai, ka sami mutum na biyu wanda ba danginka ba ku ƙirga tare ku sa hannu. Kiristoci suna da asali mai ƙarfi a kan wannan, domin a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korintiyawa, sura ta 8, Manzo Bulus ya bayyana cewa gudummawar da aka tara wa matalautan Urushalima ba shi kaɗai zai ɗauke ta ba, akwai ɗan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa don ya raka ta, saboda kada wani ya sami abin zargi.

Abu biyu na dokar Ingila suna shiga cikin hisabin nan. Na farko shi ne tsarin da suke kira Gift Aid, wanda aka soma a 1990: idan mai bayarwa yana biyan haraji a ƙasar, ya kuma rubuta cikakken sunansa da adireshin gidansa ya yi alamar yarda, ƙungiyar takan karɓo ƙarin kwabo 25 daga ofishin haraji a kan kowane fam, fam kuwa yanzu kwabo 100 ne, ka ga fam 10 ya zama fam 12 da rabi ke nan. Saboda haka takardar nan mai layi-layi kuɗi ce, kada ta ɓace, kuma a lissafinka ka ware abin da mutane suka bayar daban, ƙarin haraji daban. Na biyun ya fi nauyi. Irin waɗannan tafiye-tafiye kashi biyu ne: akwai wanda matafiyi ke biyan kuɗin jirgi da masauki daga aljihunsa, duk abin da aka tara ya tafi ga sadaka, akwai kuma wanda ake cire kuɗin tafiyar daga cikin abin da aka tara. Na biyun ba laifi ba ne muddin an sanar da masu bayarwa tun farko, ƙa'idar masu tara taimako ta ƙasar ma haka ta wajabta, amma lalle ne a sake faɗa a takardar lissafi da lambobi ƙuru-ƙuru: an tara kaza, tafiya ta ci kaza, makaranta ta sami kaza. A ganina wanda ya ji kunyar rubuta lambar tsakiyar nan, zuciyarsa ce ke gaya masa wani abu, ya kamata ya saurare ta kafin tafiya ta gaba.

Yanzu sai ita wasiƙar, wadda ita ce zuciyar aikin. Ka yi takarda guda ɗaya ta bai-ɗaya, fuska ɗaya kada ta juya baya, mai ɗauke da lissafi da ɗan labarin hanya da hoto ɗaya, sa'an nan kowane mutum ka rubuta masa nasa layuka da hannunka, ko uku ne. Ka fara da shi, ka ambaci sunansa da abin da ya yi, kafin ka ambaci kanka. In ka ƙirga ka ga “na” da “ni” sun fi “ka” da “ki” yawa, ka yage ka sake. Ka juya kuɗinsa ya zama abin da ido ke iya gani. A nan ƙungiyar da maƙwabciyata ta tara wa kuɗi ta sauƙaƙa mata aiki, wato Mary's Meals, wadda wani mutumin Sikotlan mai suna Magnus MacFarlane-Barrow ya kafa, ta fara ciyar da yara 200 a Malawi a 2002, yanzu kuwa tana ciyar da fiye da miliyan biyu kowace ranar makaranta a ƙasashe daban-daban. Hikimarsu ita ce a dafa abincin a harabar makaranta, a Malawi kunu ne na masara da waken soya wanda iyayen unguwa ke damawa a matsayin sa-kai, sai yaron da yunwa ke hana shi zuwa aji ya zo saboda kofin kunu, ya tarar da allo. Suna kuma bayyana abin da ciyar da yaro ɗaya ke ci a shekarar karatu, saboda haka mai rubuta godiya yana iya raba abin da aka tara da wannan adadi, ya ce wa mutum ga yawan yaran da za su sha kunu bana. Ka nemi irin wannan ma'auni daga kowace ƙungiya ka yi wa aiki, ko na benci ne ko na littattafai ko na albashin malami, amma adadin da suka ba ka a rubuce shi za ka faɗa, kada ka ƙara masa gishiri. In mutum ya ba da kuɗinsa da sunan rufin aji, aka ga buƙatar ta koma wani wuri, sai an koma an nemi izininsa.

Daga labarin hanya abu ɗaya za ka tsinto, wanda ya dace da mai karɓar wasiƙar. Ni abin da maƙwabciyata ta rubuto mini shi ne, a wani tudu da ya kai kamar mita 1,500, inda aka kafa gicciyen ƙarfe a kan dogon itace, matafiya kan ajiye dutsen da suka ɗauko daga gida. Ta ce ita da ta isa can ta zauna ta karanta sunayen da ke cikin littafinta ɗaya bayan ɗaya, ta yi wa kowa addu'a, kuma da yake ta san ni Musulmi ne, tana fatan ban ji haushi ba. Ban ji ba, kuma wannan tambayar da ta yi ita ce ta fi zauna mini a rai, domin ta nuna ta san wanda take rubuta wa. Mai fam 5 da mai fam 500 tsawon wasiƙarsu ɗaya ne. Wanda ya ce a sakaya sunansa a sakaya, kada a buga shi a takardar majami'a, kada kuma a miƙa adireshin kowa ga wata ƙungiya ba da yardarsa ba. Yara da tsofaffi kuwa, waɗanda wasiƙa ba ta cika gamsar da su ba, a taka a je, a riƙe musu 'yar tsaraba, ko ɓawon kifin teku ne irin wanda ya zama alamar wannan hanya.

Galibi fasto yakan ba ayarin minti kaɗan ran Lahadi su tsaya gaban jama'a. Labarin da ya dace da irin wannan rana shi ne na kutare goma a Bishara ta Luka, sura ta 17, waɗanda aka warkar amma ɗaya ne tak ya juyo ya yi godiya, shi ma Basamariye, baƙo. A wannan tsayuwa ne riya ke samun ƙofa, domin mutum ya rame, rana ta ƙona shi, jama'a na tafi, sai ya ji kamar shi ne ya ciyar da yaran da cinyoyinsa. Maganinta shi ne a fara da hamdala, a bi da lambobi, a ambaci masu hidimar da ba su hau keke ba, labarin tudu da faci ya zo ƙarshe in lokaci ya ragu. Mutum ɗaya ya yi magana a madadin kowa, ya kuma gwada maganarsa da agogo tun a gida.

Akwai wata godiya da ba a nema, ita ce ta yaran. Na ga inda aka sa 'yan makaranta suka jeru a rana riƙe da kwali mai sunan masu taimako, aka ɗauki hoto aka aiko, kuma duk da na san da kyakkyawar niyya aka yi, raina bai so ba, domin Alƙur'ani ya yi kashedi a kan ɓata sadaka da gori da cutarwa, Linjila kuma ta yi umurni da a ɓoye ta har hannu ɗaya kada ya san abin da ɗan'uwansa ya bayar. In makarantar ta aiko da wasiƙa don ra'ayin kanta, madalla, a raba wa masu bayarwa. Amma kada a sa hoton yaro ko sunansa a takarda ko a intanet sai da izinin iyayensa da na makarantar, kuma a zaɓi hoton da shi yaron in ya girma ya gani ba zai sunkuyar da kai ba. Hasali ma ku ne ya kamata ku rubuta wa shugaban makarantar da masu dama kunun, ku gode musu, tun da ku mako biyu kuka yi a kan sirdi, su kuwa kullum ta Allah suna bakin murhu tun da asuba.

Saura abu ɗaya, wanda mafi yawan mutane ke mancewa. Ka buɗe kalandar baɗi, ka sa alama a watan da kuka tashi, in ya zagayo ka tambayi ƙungiyar abin da aka yi da kuɗin, ka rubuta wa mutanenka layi biyar, ba tare da ka roƙe su komai a ciki ba, ko da kuwa kana shirin wata tafiyar. Roƙon ya jira wata takardar daban. In aikin ya gamu da cikas, ginin ya tsaya ko farashin masara ya tashi, ka faɗa yadda yake. Tawa daga wurin maƙwabciyata ta iso ne a wata safiya mai sanyi, lokacin na riga na fara ɗaure kaya zan bar garin, 'yar kati ce mai hoton tukunya a kan wuta, a bayanta ta rubuta sunan gundumar da makarantar take da yawan yaran da ke cikin rajista, a can ƙasa kuma ta ƙara da cewa ta sayar da keken, gwiwar ta ƙi.